Goron da Baffa Jatau Ya Ƙi Ci

Duk Jugu babu wanda bai san gidanmu da goro ba. Kakanninmu fatake ne, da jakuna suka riƙa ɗauko shi daga Gwanja suna wucewa ƙasar Hausa, har wani daga cikinsu ya gaji da tafiya ya yada zango a nan, bai ƙara tashi ba. In ka shiga zaurenmu, ƙamshin ɗanyen ganye da laima ne zai fara gaishe ka kafin mai gida. To, a wannan gidan aka haifi mutumin da ya yi shekara da shekaru bai sa goro a bakinsa ba. Ƙanen mahaifina ne, Baffa Jatau. Har yau in na tuna shi sai in rasa da wa zan yi fushi, da shi ko da mu.

Yadda ya shiga makaranta ma ba don an so shi da karatu ba ne. Turawa suka ce kowane babban gida ya ba da yaro. Mahaifina Awalu shi ne babba, shi za a bar wa ciniki, ba mai taɓa shi. Sai kakanmu ya duba ya ga Jatau, yaron da in an aike shi kasuwa sai ya tsaya wurin masu rini yana tambayar me ya sa ruwan baba kore ne amma zane ke fitowa shuɗi. Kaka ya ce a ba su wannan, su ma su ɗanɗana tambayarsa.

Suka kuwa riƙe shi. Daga Jugu sai Porto-Novo, daga can sai Dakar. Bai dawo ba sai da Dahome ta sami 'yancin kai, ya sauko daga mota da akwatin littattafai da wata farar riga mai tsawo a ninke. Unguwa ta ɗauka an yi likita. Kafin la'asar masu ciwon baya da masu ciwon ido sun cika zaure. Ya fito ya ce musu shi ba likita ba ne, shimi ya karanto. Mahaifiyarsu, wadda duk muke kira Inno, ta ce, "Mene ne kuma shimi?"

Ya ce, "Sanin abin da ke cikin abu ne, Inno. Abin da ke cikin ruwa, da gishiri, da sabulu."

Ta ce, "Shekarun nan duka? Ai da ka zauna kusa da murhuna da na faɗa maka."

Aka tura shi koyarwa a wata kwaleji a Paraku, can ya yi aikinsa kaf, bai taɓa sauya wuri ba. Ni kuma aka ba shi riƙona tun ina ƙarama, na tashi a gidansa na unguwar Lajifarani a hannun matarsa Hannatu, shi ya sa na san abin da nake faɗi.

Makarantar tana da ɗakin gwaji, wanda suke kira labo. Na sha leƙa shi. Akwai tebura masu santsi, akwai famfo a kan kowanne, amma ruwa bai taɓa zuwa ba. Kabad-kabad a jere, gizo-gizo ne kawai a ciki. Aka ce kayan suna tashar jirgin ruwa a Kwatano. Baffa ya hau jirgin ƙasa ya je, aka ce masa gwamnati ta sauya, ya dawo in an zauna. Kafin a zauna wata ta zo. A shekarun nan gwamnati ba ta daɗewa, kuma kowace ta zo sai ta yi masa alkawarin kwalabe. Daga baya, lokacin juyin juya hali, aka ce kowace makaranta ta yi gona, sai aka ga ai ga ɗaki babba ba a komai da shi, aka zuba masara da fartanya a ciki.

Da alli ya koyar da shimi. Ya zana kwalba a allo, ya zana wata, ya ce da Faransanci, "Ku ɗauka a ranku na zuba wannan a cikin wannan. Ku ɗauka ya koma ja." Kalmar da yake yawan faɗi ita ɗalibai suka laƙaba masa, Mushe Imajine, wato Malam Ku-ɗauka da Faransanci. Ya sani, bai damu ba. Ranar da abin ya ishe shi, sai ya shiga madafar Hannatu ya kwashi zoɓo da kanwa da lemon tsami ya tafi da su aji. Ya matsa lemo a ruwan zoɓo ya ƙara ja, ya zuba ruwan kanwa ya juye kore, yara suka yi ta ihu. Hannatu kuwa ta yi kwana biyu tana mita, don kanwar miyarta ce. Iyakar labonsa ke nan, amma ɗalibansa sun ci jarrabawa, wasu sun zama likitoci, wasu sun shiga kamfanin auduga. Abu ɗaya duk suka shaide shi da shi: in ka tambaye shi abin da bai sani ba, zai tsaya gaban aji ya ce bai sani ba, ko da sufeto na zaune a baya.

Rigimarsa da gida kuwa daga ƙwaro ta fara. Goro yana da abokin gaba, wani ɗan ƙwaro da ke huda shi ya bar shi da baƙin tabo, mu ce ya yi sankara. A da maganinsa wahala ce kawai. Lokaci-lokaci a kwance huhu, a zazzage goron a tabarma, mata su zauna su tsince mai tabo ɗaya bayan ɗaya, a sake sabon ganye, a yayyafa ruwa, a ɗaure. Baya ya ƙage, farce ya yi baƙi, kuma duk da haka wata shekarar sai ƙwaron ya cinye rabi.

Sai noman auduga ya bunƙasa, aka fara raba wa manoma wani farin gari na kashe ƙwarinta. Abin da ya rage musu sai su kawo kasuwa daga ƙauyukan wajen Onkulu, a ƙulle a takarda, ba suna ba komai. Ban san wanda ya fara gwadawa ba, amma aka gano in an dama garin a ruwa aka yayyafa wa goro, ƙwaro ba ya ƙara kusantarsa. Kan a ce me, duk 'yan goron Jugu sun ɗauka. Mahaifina ya ce Allah ya kawo sauƙi.

Baffa ya zo hutun makaranta, ina biye da shi, lokacin na fara zama budurwa. A gidanmu in ɗan uwa ya iso daga tafiya, kafin ruwa ma, babban gida ke zaɓo goro mafi kyau ya miƙa masa hannu da hannu. Baba ya zaɓo wani fari sol ya miƙa. Baffa ya karɓa, ya kai baki, sai ya tsaya. Ya shinshina. Ya sake shinshinawa.

"Yaya, me aka sa wa goron nan?"

Baba ya yi murmushi ya ce, "Maganinku na zamani mana. Dubi, ko tabo ɗaya babu."

Baffa ya ajiye goron a kan tabarma. Ajiye shi ya yi, a gaban baƙi uku da ke zaune! Na ga wuyan Baba ya kumbura.

"Guba ce, Yaya. Abin da ya kashe ƙwaro ba zai bar mutum ba."

"To wa ya mutu? Tun bara muke ci."

"Ba ya kashewa nan take. Taruwa yake yi a jiki, kaɗan-kaɗan, a cikin kitse da hanta. Sai bayan shekaru."

"Shekara nawa?"

"Ya danganta."

Wannan "ya danganta" ita ta kashe mu. Da mutum ne mai wayo da ya ce shekara biyar, kowa ya kama kansa. Amma Baffa malami ne, kuma malami in bai gamsar da kai ba sai ya nemi allo. Ya zaro alli daga aljihu, don bai taɓa rabuwa da shi ba, ya tashi ya zana wa mutane siffar maganin a bangon zaure: wani gida mai kusurwa shida, da 'yan sanduna suna fitowa ta ko'ina, da haruffa a bakin kowace sanda. Ya yi ta bayani har aka kira azahar. Mutane suka yi shiru suna kallo, shi kuma ya ɗauka sun fahimta.

Washegari wani dattijo ɗan goro ya zo da farar takarda, ya yi sallama da ladabi, ya ce don Allah Mushe ya rubuta masa hatimin nan na korar ƙwari ya rataya a rumfarsa. Bayansa wasu biyu suka zo. Ɗaya har yana tambaya ko ana wankewa a sha.

Daga nan ya daina cin goro. Mai karatu, in ba ɗan gidan goro ba ne, zai ce to sai me. A wurinmu da goro ake gaisuwa, da shi ake neman aure, da shi ake raɗin suna, da shi ake ba da haƙuri. Wanda ya ƙi karɓa daga hannunka, kai ya ƙi. Baffa kuwa sai a miƙo masa a taro ya ɗaga hannu ya ce an gode, in an matsa ya fara bayani. Aka ce boko ya cinye shi. Aka ce yana ƙyamar sana'ar ubansa, alhali da ita aka yi masa kayan tafiya Dakar. Ranar ɗaurin aurena shi ne waliyyina, aka ajiye masa goron a gabansa, ya ture shi gefe da bayan hannu. Dangin mijina sun yi shekara suna yi mini gori da wannan.

Shi duk wannan bai dame shi kamar Inno ba. Inno tun da ta idar da sallar asuba goro ke bakinta har ta kwanta. Duk zuwan da zai yi sai ya kawo mata na Paraku, daga wurin wata tsohuwa a unguwar Banikanni da ya tabbatar ba ta yayyafa komai. Inno ta karɓa ta sa masa albarka, yana juya baya ta raba wa baƙi, ta ci na babban ɗanta. Da na yi mata magana ta ce, "Ke Sakinatu, ga na gida in ci na bare? Me za a ce da Awalu a gari?"

Haka aka yi ta yi. Baba da Baffa ba su taɓa yin faɗa a fili ba, kuma ba su ƙara zama tabarma ɗaya suna hira ba. Gaisuwa ce kawai, ina gajiya, ina iyali, shi ke nan.

Sai Inno ta kwanta. Ta rame, idanunta suka yi ɗorawa, hannunta na rawa har ba ta iya riƙe moɗa. A asibiti aka ce hanta ce, ga kuma tsufa. Ba ta tashi ba.

Ranar addu'ar bakwai, da hantsi, masu ta'aziyya sun ragu, sauran 'yan goro ne manya-manya a zaure. Na kawo ruwa na tsaya bakin ƙofa. Baba, wanda ban taɓa ganin hawayensa ba, ya juyo ya dubi ƙanensa.

"Jatau, don girman Allah ka faɗa mini. Garin nan ne ya kashe ta? In ka ce shi ne, wallahi yau zan fitar da shi daga gidan nan, kuma duk wanda ke zaune nan zai fitar."

Abin da mutumin nan ya yi shekaru yana nema ga shi an ajiye masa a tafin hannu. Kalma ɗaya.

Baffa ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ban sani ba, Yaya."

"Ba ka sani ba?"

"Yana iya zama shi. Yana iya zama wani abu. Ciwon hanta iri-iri ne. Sai an auna jininta da goron a labo, ni kuma ba ni da abin aunawa. Amma guba ce, wannan na tabbata. Ku daina."

Babu wanda ya ji ƙarshen maganar. Na ga kafaɗun Baba sun sauka, ya shafa fuska ya ce alhamdu lillahi, kwana ne ya ƙare. Dattawa suka ce ƙwarai kuwa. Kafin mako ya zagayo labari ya gama kasuwa cewa Mushe da bakinsa ya ce ba garin ba ne.

Ban iya haƙuri ba. Na same shi yana haɗa kaya zai koma Paraku, na manta da kunyar da ke tsakanina da wanda ya rene ni. Na ce, "Baffa, me zai ci ka in ka ce shi ne? 'Ya'yana fa suna tsotsar goron nan!"

Ya ce, "In na ce na sani alhali ban sani ba, da wane baki zan tsaya gaban allo ranar Litinin?"

Na ce allon bai taɓa cin goro ba. Ya dube ni, ya ci gaba da ninke riga. Na fi wata uku ban je gaishe shi ba, kuma har yanzu ban ce na yi kuskure ba.

Da ya ajiye aiki, makaranta ta yi masa walima, aka ba shi agogon bango. Labon nan har ranar ba ruwa a famfonsa. Ya tattara ya dawo Jugu, aka ba shi ɗakin da ke kusa da zaure, inda warin garin ya fi ƙarfi. Abin da ya riƙe shi kawai shi ne ɗaliban unguwa masu shirin babbar jarrabawa. Kullum bayan la'asar sai su taru ƙarƙashin mangwaron ƙofar gida, ya jingina ɗan allo a jikin bishiya ya koya musu kyauta. In yana gaban allon nan sai ka rantse bai tsufa ba.

Wata ranar kasuwa sai ga wata farar mota da lasifika a kanta, ana shela duk 'yan goro su taru a babbar rumfa. Jami'in da ya fito sunansa Salihu, ɗan mahautan Paraku ne, kuma tsohon ɗalibin Baffa. Yanzu ma'aikacin kiwon lafiya ne, ya yi ƙiba, ya san mutane. Maza suka zauna gaba, mu mata muka tsaya baya. Baffa ma ya zo da sandarsa.

Salihu bai zana komai ba. Bai ambaci hanta ba, bai ce ya danganta ba. Ya gaida dattawa da harshen Dendi, ya juya Hausa, ya ɗaga ƙullin garin sama ya ce, "Iyayena, ni ba dogon zance na kawo ba. Duk namijin da ke cin goron da aka yayyafa wa wannan, shekara biyu ta yi yawa, shi da matarsa za su koma wa da ƙanwa. Wanda ya fara jin alama ya san kansa, ba sai ya ɗaga hannu ba."

Wallahi ka ji rumfar nan kamar an yi mutuwa. Wani tsoho da goro ke bakinsa ya juya a hankali ya tofar. Ba mai kallon na kusa da shi. Mata a baya muka toshe baki da mayafi.

Sai mahaifina ya yi gyaran murya ya ce, "Yaro, wannan magana babba ce. Wa ya tabbatar?"

Salihu ya nuna Baffa da hannu biyu. "Ga malamina nan, Alhaji. Duk abin da na sani shi ya koya mini. Mushe, ba haka ba ne?"

Duk rumfa ta juya. Baffa ya dafa sanda ya miƙe. Na san fuskar nan, na san abin da ke zuwa: ba a tabbatar ba, bai gani a littafi ba, shekara biyun nan daga ina. Na ji kamar in tsallake mazan nan in toshe masa baki. Ya dubi Salihu, Salihu ya kawar da ido. Ya dubi yayansa. Ya dubi bayan rumfa inda muke tsaye da goyo da yara riƙe da zannuwanmu.

Ya ce, "Haka ne."

Ya koma ya zauna.

Abin da ya gagara shekara da shekaru, kafin Juma'a an gama shi. Aka haƙa rami bayan gari aka binne garin. Aka fito da tabarmi, mata suka koma tsintar goro suna tsine wa Salihu da ciwon baya. A kasuwa har rantsuwa ake yi wa mai saye cewa wannan ba a yayyafa masa komai ba.

Baba da kansa ya zaɓo goro daga sabon huhu ya taka har ɗakin ƙanensa, abin da bai yi ba tun ina budurwa. Ya miƙa masa hannu da hannu. Baffa ya karɓa ya ɓantara ya ci. Baba ya zauna kusa da shi a tabarma, ya dafa gwiwarsa ya ce, "Amma kai ma, Jatau! Ka san wannan tuntuni ka rufe mu? Da ka faɗa tun farko ai da ba a kai haka ba."

Baffa ya ce a yi haƙuri.

Ni na yi murna, ba zan ɓoye ba. Gidanmu ya dawo gida ɗaya, 'ya'yana sun huta. Na dafa masa tuwon doya na kai masa da kaina, na same shi zaune a ɗaki da la'asar, alhali ɗalibai sun taru ƙarƙashin mangwaro suna jira. Ya ce in je in ce musu su tafi, Mushe ya daina.

Na ce, "Baffa, jarrabawa fa ta kusa. Ba ka da lafiya ne?"

Ya ce, "Lafiyata lau. Rabin yaran nan suna rumfar ranar, Sakinatu. Yanzu in na ce musu haka ne, ta yaya za su san wane irin haka ne?"

Na ce babu yaron da ya lura, kuma ko sun lura ai rai ya ceta. Na yi faɗa, na yi lallashi, na kira masa sunan Inno. Ya saurare ni har na gama, ya ce tuwon ya yi daɗi. Na fita na sallami yaran. Ya yi shekara shida bayan nan, yana cin goro tare da yayansa kullum, bai ƙara koya wa kowa komai ba.